Hoton CT: Lambobi Biyun da Ba Mai Tambaya

Idan mutumin Baure ya faɗo daga babur ya bugu a ka, akan tura shi manyan asibitocin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a yi masa hoton CT. Hankalin dangi yana kan kuɗin mota da na hoto. Ba mai tambayar lambobi biyun da na'urar ke fitarwa bayan an gama: CTDI, wato ƙarfin radiyeshan ɗin da aka harba, da DLP, wato wannan ƙarfin sau tsawon wurin da aka haska.

Binciken farko da ya game Najeriya, wanda aka wallafa a 2018, ya sa ma'aunin CTDI na hoton kai a miligire 61, DLP kuwa 1310. Na Turai a 1999 ya kasance 60 da 1050. Ƙarfin kusan ɗaya ne, tazarar a tsawo take. Alama ce ana wuce inda likita ke buƙata, ko ana maimaitawa. Wannan 1310 ɗin kusan milisibat 2.7 ne a jiki. Ya ɗara 2.4 da mutum ke sha daga ƙasa da iska a shekara guda, ya kuma yi daidai da hoton ƙirji na eksire kusan 27.

Sai dai rage ƙarfi barkatai ba dabara ba ce. Hoton yakan yi yashi-yashi, kuma kafin a rage yashin da rabi sai an ninka radiyeshan sau huɗu. Shi ya sa ake gwada na'ura da dunƙulen roba mai faɗin santimita 16 a madadin kai, 32 a madadin ciki, a kuma tabbatar ruwa ya nuna sifiri, iska -1000 a ma'aunin Hounsfield. Hoton da ya ɓoye jinin da ya taru a ƙwaƙwalwa asara biyu ce: an sha haske, ba a ga ciwo ba.

Yara ne abin jin tsoro. Binciken Birtaniya na 2012 ya ƙiyasta ƙarin mai sankarar jini ɗaya da mai ƙarin ƙwaƙwalwa ɗaya cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara 10 da aka yi wa hoton kai. Kaɗan ne, bai isa a ƙi hoton da zai ceci rai ba, amma ya isa a daina haska yaro da ma'aunin babba.

Sa ido aikin hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, NNRA, ne, wadda dokar 1995 ta kafa. Namu kuwa, 'yan uwa, a karɓi faifan hoton da takardarsa, a adana, a kai wa likita na gaba kafin ya rubuta sabo.