Kafin A Kankare Tsohuwar Filasta: Gyaran Bangon Gidan Bulo

Tsofaffin gidajen fasto da majami'u na jan bulo ko tubali suna nan da yawa a ƙasarmu, kuma duk ƙarshen damina zancen gyaransu yakan taso a taron dattawa. Shawarar da ta fi saurin fitowa ita ce a kankare filastar duka a shafe da siminti mai ƙarfi. Sau da yawa ita ce ke cinye bangon, ta cinye kuɗin baiko tare da shi.

Tsohon bulo yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani ta cikin filastarsa mai laushi. Siminti mai ƙarfi ya fi bulon tauri, ba ya barin danshi ya fita yadda ya kamata. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa sai ya maƙale a bayansa, gishirin da ya ɗauko ya riƙa marmashe fuskar bulon. Daga baya filastar ta kumbura ta faɗo, ta tafi da naman bango. Fenti mai maiƙo ma haka yake toshe shi.

Saboda haka a fara da neman hanyar ruwan: indararon da ya karye, kwanon da ke yoyo, ko ƙasar da shara ta tara a gindin bango. In ba a toshe nan ba, kowace filasta ɓata kuɗi ce.

Sannan a bi bangon ana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filastar ta rabu da bulo, nan kaɗai za a cire. Inda ta kama, a bar ta, ko da ta tsufa. A bar wurin ya sha iska ya bushe, a goge farin gishirin da buroshi busasshe, kada a wanke da ruwa.

Kwaɓin da ya dace shi ne kwano 1 na siminti, 1 na farar ƙasar gini da birkiloli ke kira layim, 6 na yashi. A yayyafa wa bulon ruwa kafin a shafa. Kada kauri ya wuce santimita ɗaya da rabi a shafa guda. In ramin ya yi zurfi a yi sau biyu, a karce na farkon. Iskar hunturu tana busar da filasta da wuri har ta tsattsage, don haka a ci gaba da yayyafi na 'yan kwanaki. Bangon tubali kuwa yaɓen ƙasa irin tasa yake so. Iyayenmu sukan ƙara masa makuba daga ɓawon ɗorawa, kuma ban ga dalilin raina ta ba.

Tsagar da ta ratsa bulon kansa daban ce. A yi mata alama da fensir a rubuta kwanan wata. In tana buɗewa, matsalar daga tushen gini take, a kira injiniya kafin birkila ya rufe ta.