Araha Ba Ta Ado: Kafin a Sayi Allon Kwamfuta

Ɗalibin da ya shiga Titin Beirut a Kano da 'yan kuɗinsa a aljihu, girman allo da farashi yake fara tambaya. A ganina, su biyun ne suka fi yaudara.

Allo mai inci 24 da ɗigoginsa ba su kai 1920 sau 1080 ba, dishi-dishi rubutu yake fita a kansa, idon mai rubuta kundin kammala karatu ne kuma zai biya cikon kuɗin. Gara mai inci 22 da ya cika wannan adadi. Samfurin TN ya fi IPS sauƙin kuɗi, amma da ka karkata kai sai launi ya sauya. Mai gyaran hoto ba zai jure ba. Akawu kuwa ko a jikinsa.

Sayen na hannu ba laifi ba ne, sai dai tsofaffi masu fitilar CCFL sun fi masu LED shan wuta, kuma mai dogaro da sola zai gani a batirinsa. A duba kafar HDMI, domin yawancin sababbin kwamfutoci sun bar VGA. Kafin a miƙa kuɗi, a sa mai shago ya nuna allon fari fat, sannan baƙi wuluk, don mataccen ɗigo ya fito fili.