Kantin "babu haraji": ba kullum yake da arha ba

Ma'aikacin da aka aika aiki ƙasar waje yakan tashi da takardar saƙo a aljihu: man shafawa na uwargida, turaren ƙanwa, hoda da jan-baki. Sai ranar komowa yake tunawa, ya faɗa kantin filin jirgi da ake ce ma "babu haraji".

An buɗe irin wannan kanti na farko a filin jirgin Shanon, ƙasar Ailan, cikin 1947. Hujjarsa ita ce kayan da za a fita da su ba a aza masu harajin cikin gida, wanda a Faransa ya kai kashi 20 cikin 100 bisa kayan kwalliya. Amma mai kanti ke yanka kuɗin kayansa, kuma hayar wuri a filin jirgi tsada gare ta; sau da yawa man da ke farmasin cikin gari ya fi arha. Baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba, in cinikinsa a kanti guda na Faransa ya wuce Yuro 100, wajen jikka 66 ke nan, yana iya neman takardar da za a maido masa da wani kaso na harajin.

Tun 2006, a galibin filaye, kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta shiga jakar hannu sai cikin ledar da kantin ya liƙe, da takardar ciniki a ciki. Mai canjin jirgi a Kasablanka ko Istanbul da ya ɓarke ledar don jin ƙamshi, yana iya baro kwalbar can. In kuwa kayan sun yi kama da na sayarwa, ma'aikatan duwan na Yamai suna da ikon neman hakkin ƙasa.