Takun Farko: Yadda Ding Ya Kayar da Gukesh a Singafo

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gefen 'yan dara a Bilbis ta ƙaramar hukumar Tsafe ya san cewa tun wurin zubi ake gane gwani. Ramuka 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, kuma wanda ya yi zubin ganganci zai ji a jikinsa in an fara ci. Haka abin yake a ces, darar da ake bugawa a allo mai gida 64, inda takun farko-farko ke da sunaye, har littattafai ake rubutawa a kansu.

Ranar 25 ga Nuwamba, 2024, aka fara gasar kambun ces na duniya a Singafo. Ding Liren na Sin ke riƙe da kambun, amma makinsa a ma'aunin hukumar ces ta duniya, FIDE, 2728 ne, shi kuwa abokin karawarsa Gukesh Dommaraju, ɗan Indiya mai shekara 18, yana da 2783. Ding ya yi wata goma rabonsa da nasara a dogon wasa, don haka yawancin masana sun yi hasashen yaron ne zai ci.

Gukesh ke da farare. Ya tura sojan gaban sarki gida biyu, Ding ya tura nasa gida ɗaya kacal. Wannan shi ake kira Kariyar Faransa, sunan da ya samo asali daga wasan da 'yan Landan da 'yan Faris suka fara ta wasiƙa a 1834. Salo ne na mai haƙuri: baƙi yana barin fari ya mamaye tsakiya, ya zauna a takure, sannan ya riƙa sassaƙar sojojin farin daga gefe. A taku na bakwai kaɗai Ding ya yi kusan rabin awa yana tunani, agogonsa na ci, 'yan kallo na cewa ya rikice.

Ashe ba haka ba ne. Gukesh ya kwararo sojoji ta ɓangaren sarki, Ding ya kutsa da sarauniya da doki ta ɗaya ɓangaren, sai dara ta ci gida. Bayan taku 42 Gukesh ya miƙa wuya. Zaɓen wannan salo a wasan farko jarumta ce ta gaske daga mutumin da aka riga aka yanke wa ƙauna.

Ding ya sake jawo Kariyar Faransa a wasa na 5 da na 13, duka aka tashi canjaras. A wasa na 14, ranar 12 ga Disamba, ya yi kuskure a taku na 55, Gukesh ya ɗauke kambun da maki 7.5 da 6.5.