Hatsari a Motar Manhaja: Wa Zai Biya Diyyar Fasinja?

Tun da Uber ya shigo Legas a 2014, ya ƙarasa Abuja a 2016, Bolt da inDrive suka biyo baya, kiran mota ta waya ya zama ruwan dare a manyan biranen Najeriya. Sai dai ranar da motar ta yi karo, fasinja ya karye, a nan ake gane cewa sauƙin shiga motar bai kai wahalar neman haƙƙi ba. Direba ya ce motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita. Mai mota ya ce a nemi inshora. Kamfanin manhaja kuma ya ce shi haɗa direba da fasinja kawai yake yi.

Wannan matsayi na kamfanonin shi ne tushen rikicin, domin a shari'a ubangida yana ɗaukar alhakin sakacin ma'aikacinsa a bakin aiki, amma ba lallai ya ɗauki na ɗan kwangila mai cin gashin kansa ba. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu. A Kalifoniya ta Amurka kuwa, masu zaɓe sun amince a Nuwamban 2020 direbobin su ci gaba da zama 'yan kwangila, amma dokar jihar ta tilasta a tanadi inshorar dala miliyan 1 daga lokacin da direba ya karɓi kira har ya sauke fasinja.

A Najeriya madogarar ita ce inshorar dole, wadda dokarta ta samo asali tun 1945. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da ake biya kan ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ga inda gizo ke saƙar: inshorar motar gida galibi ba ta ɗaukar haya. Idan direba ya yanki ta gida ya shiga jigilar fasinja da ita, kamfanin inshora na iya ƙin biya. Wata takardar inshorar ma ta bogi ce, an saye ta a bakin titi don kauce wa 'yan sanda. Ana iya tantance sahihancinta da lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID.

Saboda haka kwanakin farko su ne ke yanke makomar diyya. Wanda ya ji rauni ya fara da asibiti ko da yana jin garau ne, domin bugun kai da ciwon wuya sukan ɓoye kafin su bayyana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A sanar da 'yan sanda ko hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a lamba 122. A ɗauki hoton wurin da lambar motocin, a adana bayanin tafiyar da ke cikin manhaja, a kai ƙorafi ta cikinta, a karɓi lambobin shaidu. Rasit ɗin magani, hoton ƙashi da rahoton likita duk hujjoji ne. Wanda ya wuce wurin mai ɗori kai tsaye yakan rasa takardar da kotu za ta duba.

Babbar asarar da mutanenmu ke yi ita ce sulhun gaggawa. Dattawa su taru, a ce ƙaddara ce, a biya kuɗin jinyar mako guda, a sa hannu an yafe. Bayan watanni sai ga tiyata, ga sana'a ta tsaya, ga iyali ba abinci. Diyya ta haƙiƙa ta ƙunshi jinyar yanzu da ta gaba, kuɗin shigar da aka rasa, da raɗaɗi ko nakasa. Sulhu alheri ne, amma bayan likita ya faɗi girman raunin, lauya kuma ya karanta takardar. Neman diyya bai saɓa wa imani da ƙaddara ba: Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta wajabta diyya kan kisan kuskure, ta bar yafiya a hannun masu haƙƙi.

Marar ƙarfi ma yana da ƙofa. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Najeriya, wadda aka kafa a 1976, tana karɓar ƙarar diyyar hatsari ga masu ƙaramin ƙarfi. Kada a yi jinkiri, domin dokokin jihohi sun sa wa'adin shigar da ƙara, idan ya wuce kotu ba za ta saurara ba.

Sauran aikin na hukumomi ne. Kamfanin da ke yankar kamisho a kowace tafiya ya cancanci doka ta ɗora masa inshorar fasinja bayyananniya, a rubuta adadinta da hanyar karɓarta cikin manhaja, da harsunan da jama'a ke ji. Kafin a kai nan, duk wanda hatsari ya rutsa da shi ya riƙe takardunsa, kuma kada ya yafe abin da bai san girmansa ba.