Zamiya a kan dusar ƙanƙara: wasan da ake yi a tsakanin itatuwa

Duk wanda ya laƙa wa abin nan suna "dusar ƙanƙara" ya iya sa suna. Ku tuna dusar da ake samu in an surfa masara an bushe ta: ba nauyi, ba ta dunƙuluwa, in ka hura sai ta tashi. Haka sabuwar dusar ƙanƙara take idan ta sauka cikin dare mai tsananin sanyi. Ba ita ce ƙanƙarar da muka sani ba, wadda kan zo da hadarin damina ta yayyaga ganyen masara a gonakin Tudun Wada da Doguwa, ta cika kwanon rufi da ƙara. Waccan ƙwallaye ce masu tauri. Wannan kuwa gari ce, kuma mafi yawanta iska ce. In ka cika bokiti goma da sabuwar dusa ka narkar, da ƙyar ka tashi da bokiti ɗaya na ruwa.

A kan wannan gari ne matasan ƙasashen sanyi ke wani wasa da Turawa ke kira sunobod. Allo ne guda, tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, gaba da baya sun ɗan lanƙwaso sama. Mai wasan kan ɗaure ƙafafunsa biyu a jikin allon, ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya na fuskantar gangare. Babu birki, babu sitiyari. In ya danna dugadugansa sai allon ya karkata gefe guda, in ya danna yatsun ƙafa ya karkata ɗaya gefen. In yana son tsayawa sai ya gicciye allon, kaifinsa ya ciji ƙasa. Yaron da ya taɓa zama a kan fasasshiyar jarka ya sulalo daga saman fa ya san daɗin da ake nema, ya kuma san yadda wando ke ƙarewa.

Asalin wasan ma na yara ne. A shekarar 1965, ranar Kirsimeti, wani injiniya mai suna Sherman Poppen a garin Muskegon na jihar Michigan ta Amurka ya haɗa sandunan zamiya biyu ya mayar da su allo ɗaya don 'ya'yansa mata su samu abin wasa a waje. Daga baya aka ɗaura igiya a goshin allon, aka shiga sayar da shi. Jake Burton Carpenter, wanda ya kafa kamfanin Burton a 1977, na cikin waɗanda suka inganta shi har ya zama abin da ake gani yau. An daɗe ana hana masu allo shiga wuraren zamiya da yawa, ana yi musu kallon 'yan iska, sai a 1998 wasan ya shiga Olamfik ta hunturu a Nagano ta ƙasar Japan. Amma kada ku ɗauka Amurkawa ne kaɗai suka yi tunanin. A ƙauyen Petran da ke tsaunukan lardin Rize na Turkiyya, mutanen garin na hawa allunan katako da suka sassaƙa da hannu, igiya a gaba, sanda a baya, kuma sun ce tun kaka da kakanni suke yi.

Yawancin masu zuwa wuraren zamiya a kan hanyar da aka gyara suke wasa. Da dare wata mota mai kama da katafila kan bi ta daddanne dusar ta yi tauri, da safe mutane su hau kujerun da ke rataye a jikin waya zuwa saman dutse, su gangaro. To amma gwanaye ba wannan suke jira ba. Su abin da ke tashinsu tun asuba shi ne a ce an kwana ana zubo dusa, babu wanda ya riga su takawa.

A cikin irin wannan dusa allo ba ya taɓa ƙasa mai tauri. Yawo yake yi a sama, kusan kamar kwalekwalen masunta a Tiga. Faɗin allon na rarraba nauyin mutum, gudu kuma na ɗaga goshinsa sama. Shi ya sa mai allo kan ɗan jingina nauyinsa a ƙafar baya. In ya bari goshin ya nutse, sai ya yi adungure ya tashi fari fat kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne tafiya a hankali ta fi wahala, domin da zarar gudu ya ragu sai a nutse har ƙugu, fita kuwa sai an yi gumi duk da sanyin.

Me ya kai su cikin daji? Dalilan ba su da wuyar ganewa. A fili iska kan kwashe dusar ko ta daskarar da samanta, rana ta narkar, jama'a su tattake ta kafin hantsi. A ƙarƙashin itatuwa kuwa akwai inuwa, babu iska, sai dusar ta kwana biyu tana nan da laushinta. Ranar da hazo ya rufe dutse, sama fari ƙasa fari har mutum ya kasa gane gangare da tudu, itatuwa ne ke ba ido abin kamawa. Wasu wuraren ma da gangan ake rage itatuwa da sassabe ƙananan tsirrai don a samu hanyar ratsawa. Niseko da ke tsibirin Hokkaido na Japan ta yi suna a wannan fanni. Ku ƙaddara mutum ya shiga dajin Falgore a guje, yana ratsa tsakanin doka da maɗaci, ba birki. Ƙa'idar da malaman wasan ke koyarwa kowane mai keke ya san ta: kalli sararin da ke tsakanin itatuwa, kada ka kalli itacen. Inda ido ya kafe, nan jiki ke nufa.

Ga mai tambayar ko hakan zai taɓa yiwuwa a nan, amsar tana cikin darasin jogurafi. A matsakaici, duk mita 1,000 da ka hau sama zafi kan ragu da kusan digiri 6.5. Muna kusa da tsakiyar duniya, don haka sai dutse ya yi tsawo ƙwarai kafin samansa ya yi sanyin da dusa za ta zauna. Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895 ne, shi ya sa yake da farar hula. Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne kawai, tuddan Riruwai kuwa ba su kai shi ba. Ga shi kuma lokacin da muke da sanyi, wato hunturu, iskar busasshiya ce daga Sahara, ƙura take kawowa, ba ruwa ba.

Amma Afirka ba ta rasa ba. A Maroko akwai Oukaimeden a tsaunukan Atlas kusa da Marrakesh, akwai kuma Michlifen kusa da garin Ifrane, inda dazuzzuka ke kewaye da wurin. A Ifrane ɗin ne aka auna sanyin digiri 23.9 ƙasa da sifili a 1935. A Lesotho akwai Afriski, wadda ke buɗewa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina. Nijeriya kanta ta je Olamfik ta hunturu a karon farko a 2018 a Koriya ta Kudu, da mata huɗu: Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a keken ƙanƙara, sai Simidele Adeagbo. A 2022 Samuel Ikpefan ya wakilci ƙasar a Beijing. A cikinsu dai babu mai allo.

Hotunan da kuke gani a waya ba sa nuna ɗaya fuskar wasan. Cin karo da itace shi ne haɗarin da kowa ke hangowa, kuma hular kwano na rage shi. Akwai zaftarewar dusa daga saman dutse, wadda ta kashe Craig Kelly, ɗaya daga cikin gwanayen da aka fi girmamawa a wasan, a Kanada a watan Janairun 2003. Amma wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ba a gani, wato rijiyar gindin itace.

Itatuwan can ba irin namu ba ne. Rassansu na saukowa har ƙasa kamar rufin bukka. Idan dusa ta yi ta zuba, rassan kan tare ta, sai a kewayen gindin a samu rami mai cike da sako-sakon gari, rassa sun rufe bakinsa. Wanda ya matsa kusa ya faɗi, yawanci da ka yake shiga. Ƙafafunsa na sama ɗaure da allo, hannunsa ba ya kai wa maɗaurin. Dusar da ke kan rassan ta rufto masa. Duk motsin da ya yi ƙara nutsewa yake, garin na cika masa hanci da baki, ihunsa kuma ba ya fita. Mintoci kaɗan sun isa numfashi ya ƙare. Saboda haka ake shiga daji mutum biyu-biyu, kowa na ganin ɗan'uwansa, da usur a wuya da ƙaramin shebur a jaka. Abokin da ya riga ka sauka yana jiranka a gindin dutse ba shi da amfani a nan, domin kafin ya hawo an gama. Kuma in abin ya faru ba a tafiya neman taimako, ba a jan ƙafa. Haƙa ake yi ta gefe a nufi kai.

A watan Maris na 2023 an ga hakan ƙuru-ƙuru a Dutsen Baker na jihar Washington, wurin da ya taɓa samun dusar da ta kusa mita 29 a hunturun 1998 zuwa 1999. Wani mai zamiya yana ratsa daji da kyamara a hularsa, sai ya hango gindin allo yana leƙowa daga cikin dusa kusa da wani itace. Bai san mai allon ba. Abokan mutumin sun yi gaba. Ya cire sandunansa, ya yi ta fafutukar hawowa cikin dusar da ke nutsar da shi, ya fara haƙa da hannu har ya kai ga fuskar, ya share masa baki. Sai da ya ji mutumin yana numfashi, sannan ya ciro shebur.