Zambar: tsohuwar kalmar ƙidaya da kasuwa ta manta

Daga cikin kalmomin Hausa da suka tsufa har ba a cika jin su ba sai a bakin dattawa da maroƙa akwai “zambar”, wadda ma'anarta ita ce dubu. Sai dai amfaninta ya bambanta da na “dubu”, domin ba a cika faɗinta ita kaɗai ba. Tana zuwa ne gaban wani adadi ta riɓanya shi, kamar a ce zambar goma ana nufin 10,000, ko zambar ɗari ana nufin 100,000, ko kuwa zambar dubu, wato abin da yau ake kira miliyan. Tana da 'yar'uwa, “zangu”, mai nufin ɗari, kuma duka biyun suna nan da ransu a harshen Zabarmanci, inda har gobe da su ake ƙidaya.

Kalmar ta yi tashe ne a zamanin wuri, wanda jam'insa shi ne “kuɗi”. Lokacin da gidan sarautar Katsina, wanda jihadi ya fitar da shi daga birninsa a 1807, ya zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836, da waɗannan 'yan ƙwarya na teku, masu fitowa tun daga tsibiran Maldib, ake ciniki da biyan haraji da sadaki. Darajar wuri ɗaya kaɗan ce ƙwarai: Bajamushe matafiyi Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina a 1851, ya tarar ana musayar dala guda ta azurfa da wuri 2,500 a Kano. Mai ƙidaya yakan zube wurin a kan tabarma, yana jan su biyar-biyar da yatsunsa, yana tara ƙananan tsibi har su haɗu su zama babba. Wanda ke irin wannan aiki dole ya buƙaci gajeriyar kalma ta dubbai, shi ya sa zambar ta zauna daram a bakin fatake da dillalai.

Da wuri ya ba da wuri ga kuɗin Turawa, sai lissafi ya koma kan wasu kalmomi. A lissafin sefa, wadda aka ƙirƙiro a watan Disamba na 1945, “dala”, sunan da aka gada daga tsohuwar azurfar Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, faran 5 ce a Nijar, kuma a kanta ake gina komai: dala ashirin faran 100 ce, dala ɗari faran 500, dala ɗari biyu kuwa ita ce “jikka”, wato faran 1,000. A babbar kasuwar Maraɗi ko a Jiratawa, mai sayen buhun hatsi jikkuna yake ƙirgawa. A nan ne mai koyo ya kamata ya yi hattara, don idan Bazabarme ya ce zambar guda a wurin ciniki, dala dubu yake nufi, wato faran 5,000.

Hausa ta taɓa yin irin wannan rashi a baya, lokacin da ashirin da talatin da arba'in na Larabci suka ture gomiya biyu da gomiya uku da gomiya huɗu. Abin da ke sa batun zambar ya fi damun mai kishin harshe shi ne cewa gurbin da ta bari a manyan adadi kalmomin aro ne, miliyan da biliyan, suka cike shi, har yara suka taso suna zaton Hausa ba ta taɓa iya ƙidaya ta wuce dubu ba, alhali kakanninsu sun ƙirga miliyoyi da yatsu a kan tabarma. Ya dace malaman da ke koyar da lissafi da Hausa a makarantun jihar Maraɗi, da ma'aikatan gidajen rediyo masu karanta kasafin kuɗi, su riƙa faɗin zambar dubu tare da miliyan, su kuma bayyana wa masu sauraro ma'anarta.